Darasin farko na tattalin arziki: ana cin jarrabawarsa, amma ba ya bin ɗalibi gida

Akwai wata tambaya da nake jefa wa ɗalibai a ranar farko ta zango, tun kafin mu san sunayen juna. An ba ka tikitin shiga wani wasa kyauta a daren yau, kuma ba a yarda ka sayar da shi ba. A daren dai akwai wani wasan na daban, wanda da ba ka samu kyautar nan ba shi za ka je. Tikitinsa dala 40 ne, kai kuwa a ranka ko dala 50 aka ce za ka biya. To in ka tafi wasan kyauta, nawa ya ci maka? Ba ko sisi, ko dala 10, ko 40, ko 50?

Yawanci aji yakan rabu gida uku. Wasu su ce ai kyauta sunanta kyauta, wasu su kama 40 saboda ita ce a rubuce a jikin tikiti, wasu su kama 50. Masu cewa 10 ba su da yawa, kuma su ne da gaskiya. Wasan da ka bari darajarsa 50 ce a wurinka, amma sai ka fitar da 40 kafin ka shiga. Abin da ya kuɓuce maka da ka zaɓi na kyauta shi ne rarar da ke tsakani, wato 10.

Tambayar ba tawa ba ce. Daga littafin koyarwa na Robert Frank da Ben Bernanke ta fito, kuma ta yi suna ne a 2005 lokacin da Paul Ferraro da Laura Taylor suka kai ta babban taron masana tattalin arziki na Amurka, suka yi wa mutum kusan 200, masu digirin digirgir da masu neman sa. Kashi 21.6 cikin ɗari ne suka faɗi daidai. Da canki-canka suka yi tsakanin amsoshi huɗun, da sun samu kashi 25. Da aka kai ta wurin ɗaliban digirin farko, abin ya fi haka ban takaici: waɗanda suka taɓa ɗaukar kwas na tattalin arziki kashi 7.4 suka samu, waɗanda ba su taɓa shiga ajin ba kuma kashi 17.2. An samu masanan da suka ce an yi wa tambayar gadar zare ne a yadda aka tsara ta, kuma suna da ɗan abin kamawa. Amma ko da gadar zaren ce, me ya sa wanda ya yi karatun ya fi saurin rufzawa?

Wannan ne maƙasudin rubutun nan. Darasin da ake kira maikuro-ikonomiks, wato ɓangaren tattalin arziki da ke duba yadda mutum ɗaya, ko gida ɗaya, ko kamfani ɗaya ke yanke shawara da yadda shawarwarin nan ke haɗuwa su haifar da farashi a kasuwa, yana cikin darussan da aka fi cika aji da su a jami'o'in duniya. Masu karatun kasuwanci suna ɗauka, masu akanta, masu lauya, masu aikin gona, har injiniyoyi. Mafi yawansu daga shi ba za su ƙara wani kwas na fannin ba har abada. Amma ana tsara shi kamar kowa a ajin zai zama farfesa.

Gadon da malami ya tarar

Siffar darasin tsohuwa ce. Alfred Marshall na Jami'ar Cambridge ya fitar da babban littafinsa a 1890, kuma shi ya kafa zanen nan na layi biyu masu gicciye, ɗaya na buƙata ɗaya na samar da kaya, ya ce tambayar wanne ne a cikinsu ke yanke farashi kamar tambayar wane baki na almakashi ne ke yanka takarda. A 1948 Paul Samuelson ya zuba ilimin a littafin koyarwa mai babi-babi da zane-zane da tambayoyi a ƙarshen kowane babi. Kusan duk littafin da ya biyo baya a kan sawunsa ya taka. Shi kansa Samuelson ya san girman abin da ya yi, har ya taɓa cewa bai damu da wanda zai rubuta wa ƙasa dokokinta ba muddin shi ne zai rubuta mata littattafan koyon tattalin arziki.

Matsalar ita ce littafin ƙari yake yi, ba ya ragi. Kowane sabon bugu sai an cusa babi, saboda mawallafi yana tsoron kada wani malami ya ƙi littafin don babu abin da yake so a ciki. Malami kuma yana tsoron kada a ce bai ƙare manhaja ba. Sai ka ga a mako 13 ko 14 an bi ta kan buƙata, samarwa, haraji, lissafin gamsuwar mai saye, layukan kuɗin samar da kaya har guda bakwai a zane ɗaya, gasa, babakere, kasuwar ƙwadago, gurɓata muhalli, duk a guje. Wanda yake gudu ba ya tsayawa tambaya, don haka allo da alli kawai suka rage. William Becker da Michael Watts sun yi ta bibiyar malaman fannin a Amurka tun 1995, kuma a duk zagayen da aka yi har 2010 abu guda ake samu: malami na tsaka-tsaki yana cinye kusan kashi 83 cikin ɗari na lokacin aji yana magana shi kaɗai.

Ɗalibi ba wawa ba ne. Da ya ga haka sai ya koma ga abin da ya cece shi a sakandare, wato hadda. Zai zana maka layukan nan bakwai tsaf, ya nuna inda wannan ya ratsa wancan ta ƙasansa. Ka tambaye shi me ya sa dole ya ratsa ta nan, sai ido ya raina fata.

Ra'ayina, bayan shekaru ina maka jan biro a takardu, shi ne darasin farko ba shi da aikin da ya wuce dasa tunani huɗu ko biyar a kan ɗalibi har su zama masa jiki. Sauran duk ana iya barinsu ga wanda zai ci gaba.

Taura biyu, da lissafin ƙarin guda

Na farko shi ne wanda tambayar tikiti ta gwada. Kuɗin kowane abu shi ne mafi kyawun abin da ka bari domin ka same shi. Hausawa sun gama magana da suka ce taura biyu ba ta taunuwa, sai dai sanin karin maganar daban, iya lissafa darajar taurar da aka ajiye daban. Ɗalibi zai yarda da kai nan take cewa babban kuɗin zaman jami'a ba kuɗin rajista ba ne kaɗai, har da albashin shekara huɗu da bai nema ba. Gobe ka ba shi labarin mai kamfanin da yake aiki a ginin kansa, ka ce ya lissafa riba, sai ya rubuta cewa ginin kyauta ne tunda ba a biyan haya. Ya manta da hayar da mai ginin zai karɓa in da ya ba wani. Sau ɗaya ba ya isa. Sai an dawo da tunanin nan a mako na uku, da na shida, da na goma, kowane lokaci cikin sabuwar riga.

Mafi kyawun rigar kuwa ita ce ta David Ricardo a 1817. Ya ɗauki Ingila da Fotugal, da kaya biyu, yadi da giya. A lissafinsa Fotugal tana buƙatar aikin mutum 90 na shekara don wani adadin yadi, da mutum 80 don wani adadin giya. Ingila kuwa 100 da 120. Fotugal ta fi ta ko'ina. To me za ta saya a wurin Ingila? Kusan duk aji zai ce babu. Amma duba: duk sanda Fotugal ta sa mutum 90 saƙa, ta bar giyar da ta fi adadi ɗaya. Ingila in ta sa mutum 100 saƙa, giyar da ta bari ba ta kai adadi ɗaya ba. Ashe yadi ya fi araha a Ingila in da abin da aka bari za a auna, kuma ƙasashen biyu za su ƙaru in kowacce ta riƙe inda asararta ta fi ƙanƙanta. An ce masanin lissafi Stanislaw Ulam ya taɓa ƙalubalantar Samuelson ya kawo masa magana ɗaya a duk ilimin zamantakewa wadda gaskiya ce kuma ba kowa ne zai gano ta da ka ba. Sai bayan shekaru Samuelson ya ce amsar ita ce wannan ta Ricardo. Ni a wurina amfaninta a aji shi ne ita ce karo na farko da ɗalibi yake jin darasin ya gaya masa abin da bai zo da shi daga gida ba. Za ka ga fuskoki sun canza.

Na biyu shi ne lissafin ƙarin guda. Mai maɗaba'a ya buga littafi kwafi 1,000 a kan dala 5,000, kowane kwafi ya tashi dala 5 ke nan. Injin yana nan a ɗaure, ƙarin kwafi ɗaya takarda da tawada kawai zai ci, dala 2. Wani ya zo ya ce a ƙara masa 100 zai biya dala 3 kowanne. Ya karɓa ko ya ce albarka? Hannaye za su tashi cewa faɗuwa ce, ai 3 ba ta kai 5 ba. Alhali dala 5,000 ta riga ta tafi ko ya karɓa ko ya ƙi, abin da ke gabansa kawai 3 ce za ta shigo 2 ta fita. Rikita matsakaicin kuɗi da kuɗin ƙarin guda shi ne kuskuren da na fi gani a takardun jarrabawa, kuma manya ma suna yi: gwamnatocin Birtaniya da Faransa sun ci gaba da zuba kuɗi a jirgin saman Concorde bayan alamu sun nuna ba zai mayar da jari ba, har sunan jirgin ya zama laƙabin wannan kuskure na bin kuɗin da ruwa ya riga ya ci.

Da wannan tunani ne aka warware tsohon ruɗanin da Adam Smith ya ambata a 1776, na yadda ruwa da ake mutuwa in babu shi ba shi da tsada, lu'ulu'u kuwa da ba ya maganin ƙishi ya fi ƙarfin aljihu. Sai a shekarun 1870 masana uku, Jevons da Menger da Walras, kowanne da kansa, suka nuna cewa farashi ba ya bin amfanin dukkan ruwan duniya, amfanin kofi na gaba yake bi. Inda ruwa ya wadata, kofi na gaba ba a bakin komai yake ba.

Zanen da ke juya wa ɗalibi kai

Sai almakashin Marshall. A nan akwai wani tarko da malamai da yawa ba sa faɗa wa ɗalibai, wataƙila don su ma sun saba har sun daina gani. A darasin lissafi an koya wa yaro cewa abin da ke jawo canji a layin kwance ake sa shi, sakamako kuma a na tsaye. Yana shigowa ajinmu sai mu ce farashi ne ke sa mutane su ƙara saye ko su rage, sannan mu ɗora farashin a layin tsaye. Bafaranshe Cournot, wanda ya riga Marshall zana layin buƙata tun 1838, a kwance ya sa farashi. Marshall ne ya juya shi, duniya ta bi. Minti biyu sun isa a gaya wa aji cewa zanen a juye yake kuma laifin ba nasu ba ne. Ɗaliban injiniya musamman sukan yi ajiyar zuciya.

Babban ciwon kai dai shi ne bambanci tsakanin tafiya a kan layi da matsawar layin gaba ɗaya. Ga irin amsar da nake karantawa duk shekara: farashi ya tashi, don haka buƙata ta ragu, da buƙata ta ragu sai farashi ya sauka, da ya sauka sai buƙata ta ƙaru, sai farashi ya sake tashi. Haka zai yi ta zagaye har takarda ta ƙare. Abin da ya ɓace masa shi ne tambayar farko: me ya tayar da farashin? In fari ne ya rage amfanin gona, za a ga tsada tare da ƙarancin ciniki. In kuwa mutane ne suka samu kuɗi suka yi wa kayan caa, za a ga tsada tare da yawan ciniki. Tsada ɗaya, labari biyu. Na daina barin kowa ya taɓa zane sai ya fara faɗa mini da baki wane ne ya canza shawara, masu saye ko masu sayarwa, kuma saboda me.

Kasuwa a cikin aji

Gani ya kori ji. Abin da ya fi yi mini aiki a duk zangon bai wuce minti arba'in ba, kuma kayan aikinsa 'yan katuna ne guda 20. Mutum goma masu saye, kowanne da lamba a ɓoye a katinsa, daga 100, 90, 80 har zuwa 10. Lambar ita ce iyakar abin da kayan ya kai a wurinsa, in ya saya ƙasa da haka rarar makinsa ce. Mutum goma masu sayarwa, su ma daga 10 har 100, wato abin da kayan ya ci musu. Babu wanda ya san katin wani. Masu saye suna ɗaga murya su yi tayi, masu sayarwa suna faɗin nasu, ni kuma ina rubuta kowane ciniki a allo kowa yana gani.

Zagayen farko hayaniya ce zalla. Wata mai katin 20 za ta dage sai 85, wani mai katin 100 da ya ƙosa ya ce ya saya, aji ya ɗauki shewa. Wani zai sallama a 35 sannan ya ga abokinsa ya sayar a 60, ya dafe kai. A zagaye na uku ko na huɗu sai ka ga lambobin allo sun taru wuri ɗaya, 55, 52, 58, 55, kuma ciniki biyar ake yi sai a tsaya cak. Mai katin sayarwa na 90 yana gefe ya harɗe hannu, ya ce, “Malam, ni fa an zalunce ni, ba wanda ya ko kalle ni.” A lokacin nake buɗe takardar da na naɗe na ba wani ya riƙe tun kafin a fara, a ciki an rubuta: ciniki biyar, farashi tsakanin 50 da 60. Sannan mu tattara katunan mu jera su a allo daga babba zuwa ƙarami da daga ƙarami zuwa babba, layukan nan biyu su fito da kansu daga hannun ɗalibai.

Daga nan wasa ya yi daɗi. Na ce duk mai sayarwa zai biya harajin 20 a kowane ciniki. Kafin a fara kowa ya rantse farashi zai hau da 20. Sai ya tsaya tsakanin 60 da 70, ciniki ya koma huɗu: rabin harajin ya faɗa kan mai saye, rabi kan mai sayarwa, ciniki ɗaya kuma ya mutu ba wanda ya ci moriyarsa, har gwamnatin. Wanda doka ta ce ya biya haraji daban, wanda harajin ya kwana a aljihunsa daban, kuma wanda ba shi da wurin gudu shi ya fi ɗauka. Amurka ta koyi wannan a aikace da ta sa harajin kashi 10 a kan jiragen ruwan shaƙatawa masu tsada a 1990 da nufin tatsar attajirai. Attajiran suka karkata kuɗinsu wani wajen, masu ƙera jiragen suka yi ta kuka, aka soke harajin a 1993.

Wasan katin yana da tarihi mai ban sha'awa. Edward Chamberlin ne ya fara shi a ajinsa na Jami'ar Harvard, ya wallafa sakamakon a 1948, kuma niyyarsa ya nuna cewa zanen Marshall ba ya aiki. Ɗalibansa suna zagayawa ne suna ciniki biyu-biyu a asirce, zagaye ɗaya tak, kuma lallai sakamakon yakan kauce wa hasashe. Wani ɗalibi da ya zauna a ajin, Vernon Smith, ya sake gwadawa a Jami'ar Purdue a 1956, amma ya sa a riƙa yin tayi a bainar jama'a kuma a maimaita. Farashi ya tafi daidai inda zane ya ce. Aikin da ya faro daga nan ne ya kai shi ga kyautar Nobel a 2002. Ina son ba da labarin mutanen biyu tare, domin darasin da ke ciki ya fi na kowannensu shi kaɗai: kasuwa tana kai wa ga daidaito ko tana kaucewa gwargwadon ƙa'idojin da aka gina ta a kai, da abin da mutane suke iya gani.

Rigimar da ba ta mutu ba

A nan ne ake zargin darasin da wa'azi. A Nuwamban 2011 ɗalibai kimanin 70 suka tashi suka fice daga ajin Gregory Mankiw a Harvard, suna cewa ana cusa musu aƙida ɗaya da sunan ilimi. A Jami'ar Manchester ɗalibai suka kafa ƙungiya suna neman a sauya manhaja, ganin rikicin kuɗi na 2008 ya zo ya wuce amma karatunsu bai ko girgiza ba. Daga irin wannan guguwa aka samu shirin CORE a 2013 ƙarƙashin Wendy Carlin ta Landan, da Samuel Bowles da wasu, suka rubuta littafi kyauta a intanet wanda ya fara da tarihin arziki da rashin daidaito, ya jinkirta kasuwar cikakkiyar gasa, wato wadda ba mai iya juya farashi shi kaɗai, zuwa can gaba.

Masu ƙorafin suna da gaskiya a abu ɗaya babba. Tsarin da aka saba yana ba kasuwa marar aibi mako tara ko goma, sannan a tura duk inda take gazawa zuwa makonnin ƙarshe, lokacin da malami ke haki ɗalibai kuma hankalinsu ya tafi jarrabawa. Wanda ya fita daga nan zai ɗauka zanen farko shi ne duniya. Misalin mafi ƙarancin albashi ya isa. Zanen farko ya ce in aka ɗaga shi sama da na kasuwa, ayyuka za su ragu, shi ke nan. A Afrilun 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga nata daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa, maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta taɓa nata ba. David Card da Alan Krueger suka bi gidajen abinci 410 a ɓangarorin biyu, ba su ga raguwar ayyuka a New Jersey ba. An yi ta ja-in-ja da su, David Neumark da William Wascher suka kawo nasu alƙaluman masu nuna akasi, kuma har yau ba a rufe babin ba, ko da yake Card ya samu Nobel a 2021. Abin lura shi ne bayanin yadda hakan zai yiwu yana cikin fannin tun 1933, lokacin da Joan Robinson ta nuna cewa inda mai ɗaukar aiki ya yi babakere har yana iya danne albashi, ɗaga shi da doka yana iya ƙara ayyuka. Yana cikin littattafan koyarwa da yawa, a babin da ba a kai wa.

Haka labarin George Akerlof na 1970 kan kasuwar tsofaffin motoci, inda mai sayarwa ya san aibin motarsa mai saye bai sani ba, har masu motocin kirki su janye a bar tarkace. Mujallu uku suka mayar masa da takardar kafin ta huɗu ta karɓa. Haka kuma gwajin da Uri Gneezy da Aldo Rustichini suka yi a gidajen renon yara a birnin Haifa na Isra'ila, inda aka sa tara ga iyayen da ke makara wajen ɗaukar 'ya'yansu, sai makarar ta ƙaru. Da kunya ce ke hana su, da aka sa kuɗi sai suka ɗauka saye suke yi. Ko bayan an cire tarar ba su koma yadda suke ba.

Inda na rabu da masu ƙorafin shi ne masu cewa a watsar da zanen Marshall. Ba za ka gane abin mamaki a binciken Card ba sai ka san abin da aka zata za a gani. Abin da nake yi shi ne duk makon da na kafa wata ƙa'ida, ba na jimawa nake nuna inda take karyewa, ba na ajiye wa ƙarshen zango. Ranar da muka yi wasan kati, mako mai zuwa sai in raba wa masu sayarwa kati mai launi biyu, mai kyau da marar kyau, su kaɗai suka san nasu. Kasuwar da ta yi lafiya lau a makon jiya sai ta tsuke a gaban idonsu.

Lissafi, da abin da jarrabawa ke tambaya

Game da lissafi ba zan tsawaita ba. Marshall, wanda shi kansa gwanin lissafi ne, ya rubuta wa Arthur Bowley wasiƙa a 1906 yana ba shi shawara: yi amfani da lissafi a matsayin gajeriyar hanya, in ka gama ka mayar da shi magana, ka kawo misali daga rayuwa, sannan ka ƙona lissafin, in kuwa misalin ya gagara to ka ƙona maganar ma. A darasin farko ɗan aljabra da iya karanta zane sun wadatar. Abin da na lura yana kayar da ɗalibai ma bai kai nan ba, lissafin kashi cikin ɗari ne. Mutum ya iso jami'a bai sakankance cewa hawa daga 50 zuwa 60 kashi 20 ne, saukowa daga 60 zuwa 50 kuma bai kai kashi 17 ba. In ba a tsaya an gyara wannan ba, duk bayanin yadda buƙata ke saurin motsi ko taurin kai in farashi ya canza, shuka dusa ne.

Duk abin da malami zai faɗa a aji, ɗalibi jarrabawa yake saurare. In tambayoyin zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu ne masu neman ma'anar kalma, to hadda za a yi, ko da an yi wasan kati sau goma. Yanzu kuma da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke warware aikin gida na zane da lissafi cikin daƙiƙa, irin wannan aikin ya daina gaya wa malami komai. Robert Frank, mai tambayar tikiti, ya shafe shekaru yana ba ɗalibansa na Jami'ar Cornell wani aiki daban: ka nemo wani abu da ka gani da idonka wanda ya ɗaure maka kai, ka bayyana shi da ƙa'ida ɗaya daga darasin, cikin kalmomin da ba su wuce 500 ba, ba zane ba lissafi. Na ara, na ƙara da cewa kowa zai tsaya minti uku ya kare abin da ya rubuta da bakinsa.

Wahalarsa a kan malami take. Aji mai ɗaruruwan mutane ba ya duba kansa, kuma na taɓa shafe hutun mako guda cur ina karatu har na yi rantsuwar ba zan sake ba. Na sake, amma na koma haɗa su uku-uku. A cikin waɗanda suka tsaya mini a rai akwai na wata ɗaliba da ta tambayi me ya sa injin buga takardu na gida yake da araha, tawadarsa kuwa sayenta sau uku ko huɗu ya kai kuɗin injin. Ta rubuta cewa kafin ka sayi inji kana da zaɓi da yawa, don haka kamfanoni suna kokawa a kanka, amma da ka kai shi gida tawadar kamfani ɗaya ce kawai za ta shiga, ka zama ba ka da wurin gudu. Wani daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce to ai in mutane sun san haka za su haɗa kuɗin tawadar tun a kanti, dabarar ta rushe. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta juya ta tambayi ajin mutum nawa ne suka taɓa duba farashin tawada kafin su sayi inji. Hannu biyu ne suka tashi, ɗaya ma nawa ne, kuma ni sai a inji na biyu na fara dubawa.